Ƙuraje a ƙeya da ƙarƙashin haɓa bayan aski mai ƙure fata: yaya ake hana su?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta fuskar ilimin lafiya ko ta fuskar sana'ar aski, domin abin ya wuce matsayin da zan ci gaba da kawar da kai daga gare shi. Shekaruna 29, gashina mai kauri ne kuma mai murɗewa, kuma na saba yin aski duk mako, irin wanda ake ƙure fata sosai, sannan a bi gaban goshi da saje da ƙeya da reza domin layin ya fita tsaf. A ranar askin ba na jin komai in ban da raɗaɗin sifirit da ake shafa mini, amma da zarar an kwana biyu ko uku sai ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi su feso a ƙeyata da ƙarƙashin haɓata, wasunsu har su ɗuri ruwa. Kafin su lafa mako ya zagayo, na koma an sake bi ta kansu da inji, wani lokaci har su yi jini.

Na gwada abubuwa uku, babu wanda ya raba ni da matsalar. Na sayi injin aski na kaina saboda an ce mini daga kawunan wasu nake kwaso ƙurajen, amma bayan wata huɗu ina zuwa da shi ban ga wani sauyi na a zo a gani ba. Na canja mai aski. Daga ƙarshe wani abokin aikina ya ba ni wani man shafawa da ya ce yana kashe ƙuraje, wanda kuwa ya kwantar da su a makon farko, sai dai daga baya na lura wurin da nake shafawa ya yi haske fiye da sauran fatata, kuma da na daina sai ƙurajen suka dawo fiye da yadda suke a da.

Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne na ƙeya, domin guda biyar ko shida daga cikinsu sun daina zuwa suna tafiya, sun zauna sun yi tauri kamar kan ashana, kuma gashi bai ƙara fitowa a kansu ba. Shin ƙazantar kayan aski ce ke haddasa wannan ko kuwa yanayin fatata ne? Akwai hanyar da zan ci gaba da yin aski mai ƙure fata ba tare da ƙurajen sun fito ba? Waɗanda suka yi taurin kuma, za su baje da kansu?

Mai sana'ar aski

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na shafe fiye da shekara 20 a wannan sana'a, kuma zan faɗa maka abin da idona ya gani, bayanin cutar kuwa in bar wa masana lafiya. Ana cewa aski idan ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma ƙeya ce ke biyan bashin daga baya, domin a nan ne gashi yake kwanciya ta fuskoki daban-daban, a nan ne kuma mai kan ba ya ganin abin da ake yi masa.

Sayen injin da ka yi abu ne mai kyau, kada ka yi nadamarsa, sai dai bai taɓa tushen matsalarka ba, domin da ƙazanta ce kaɗai da ka samu sauƙi tun a watan farko. Abin da nake zargi shi ne ƙure fatar da kuma rezar da ake bi da ita. Mu masu aski muna da namu laifin a nan, kuma ba zan ɓoye ba. Mutum yana tashi daga kujera zai shafa kansa, idan ya ji santsi ya ce an iya aiki, idan ya ji ɗan kaushi ya ce ba a gama ba, saboda haka muka saba da miƙar da fata da yatsu, mu tura inji ko reza ta inda ya saɓa wa kwanciyar gashi, mu maimaita wuri guda sau uku ko huɗu. Wannan santsin da ake yaba mana a kansa shi ne yake komawa ƙuraje bayan kwana uku.

Akwai kuma wani abu game da injin kansa da mutane da yawa ba su sani ba. Bakinsa ƙarfe biyu ne masu haƙora, ɗaya a tsaye, ɗayan yana kai da komo a kansa, kuma masu aski sukan kwance su su matso da mai motsin har ya yi daidai da bakin na tsayen domin layi ya fita da kaifi. Idan aka wuce gona da iri, haƙoran mai motsin sukan kai ga fata su kankare ta, shi ya sa wani yana tashi daga aski za ka ga wani siririn layi mai ja ya bi gefen kansa. Ka ɗaga naka ka dube shi ta gefe. Ya kamata haƙoran mai motsi su tsaya kaɗan a bayan na tsayen, kada su leƙo. Haka nan injin da ba a ɗiga masa mai yakan ɗauki zafi, ya kuma dinga fizgar gashi maimakon yanka shi, kuma kowanne daga cikin biyun ya isa ya bar fata da kumburi.

Shawarata ita ce ka bar rezar gaba ɗaya, musamman a ƙeya, ka ce a maƙala wa bakin injin matajin roban nan da ke zuwa tare da shi. Mai lamba 1 yana barin gashi mai tsawon milimita 3, na rabi yana barin milimita 1.5, mai lamba 2 kuma milimita 6, kuma ko na rabin aka sa kai zai fito a gyare, babu wanda zai ce ba ka yi aski ba. Kafin ka zauna a kujera ka wanke kai da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, ka bari ya bushe, ka taje gashin ta inda yake kwanciya, sannan ka ce a bi wannan fuskar da injin. Ƙeyar kuma a sauko da ita a hankali ta yadda gashin zai dinga raguwa har ya saje da wuya, maimakon a datse ta da layi.

Game da tsabta, mallakar inji ba ta wanke shi. Bayan kowane aski sai an fara share guntayen gashin da suka maƙale tsakanin haƙora da buroshi, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa dattin da ya taru, sannan a jiƙa bakin da sifirit, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa mai. Wutar da wasu ke ƙyasta wa bakin inji na daƙiƙa biyu ko uku ba ta shiga lungunan haƙoran, kaifinsu kawai take lalatawa. Sifirit kuwa na ƙarfe ne, ba na fatar da aka gama kankarewa ba, kuma raɗaɗin da kake ji ba alamar magani yana aiki ba ce, busar da fatar yake yi. Ni kaina na daɗe da hana a sa mini reza a ƙeya, kuma duk wanda ya ce wanzami ba ya son jarfa, a wannan karon ya faɗi gaskiya.

Likitar fata

Malam, abin da mai sana'a ya faɗa daidai ne, zan dai ƙara dalilin da ya sa ya zama daidai. Ba a tabbatar da cutar fata sai an gan ta da ido, amma bayaninka ya yi kama da matsaloli biyu mabambanta da suka haɗu maka, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Ta farko ita ce ƙurajen da ke zuwa suna tafiya tare da aski. Gashi mai murɗewa ba miƙaƙƙe ba ne tun daga tushensa, domin ramin da yake fitowa daga ciki a lanƙwashe yake. Idan reza ta yanke silin a karkace, bakinsa yakan koma kamar tsinin allura, daga nan kuma ɗayan abu biyu ke faruwa: ko dai ya fito ya lanƙwaso ya soki fatar da ke kusa da shi, ko kuwa, idan an miƙar da fata lokacin aski har aka yanke shi ƙasa da samanta, ya huda bangon raminsa tun bai fito waje ba. Jiki yana ɗaukar wannan silin tamkar ƙaya ce ta shige shi, sai ya kewaye shi da kumburi da ruwa. Wannan ne ya sa ba ka ganin ƙurajen a ranar askin, domin gashi yana ƙaruwa ne da kimanin kashi ɗaya cikin uku na milimita a rana, wato wajen santimita 1 a wata, sai ya ɗauki 'yan kwanaki kafin tsinin ya kai inda zai yi ɓarna. Wasu likitocin fata biyu na Amurka, Strauss da Kligman, sun yi bayanin wannan tun a 1956, inda suka nuna cewa gashin ne musabbabi, ƙwayoyin cuta kuwa daga baya suke samun ƙofa. A 2004 kuma aka gano wani sauyi a ƙwayar halittar da ke gina ɗaya daga cikin sinadaran keratin na ramin gashi (keratin shi ne sinadarin da jiki ke gina gashi da farce da shi), wanda ke ƙara wa mai ɗauke da shi yiwuwar samun waɗannan ƙuraje. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce, yanayin gashinka da salon askinka ne suka haɗu, ƙazanta kuwa ƙara wa wutar fetur take yi idan ta samu.

Reza mai baki biyu, wadda kamfanin Gillette ya fito da ita a 1971, da masu baki uku zuwa biyar da suka biyo bayanta, an ƙera su ne ta yadda bakin farko zai ɗan jawo silin waje, na bayansa ya datse shi kafin ya koma. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne kawai, amma ga mai murɗaɗɗen gashi binne tsini ne a cikin fata.

Amsar tambaya ta biyu ba mai daɗi ba ce: muddin ana ƙure fatar, ƙurajen za su ci gaba da dawowa, kuma babu man shafawar da zai hana. Abin da ake so shi ne a bar wa gashin aƙalla milimita 1. Kafin ma a kai ga nan, ya dace ka huta da aski a wuraren da abin ya shafa na kimanin mako 4, tare da sanin cewa a kwanakin farko za su iya ƙaruwa saboda silin da aka riga aka yanke yana ci gaba da fitowa. Idan gashin ya yi tsawo, wanda ya lanƙwasa ya shiga fata yakan fizge kansa ya fito, ƙurjin kuma ya mutu. A wannan lokaci ka dinga ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi na minti 5 zuwa 10, ka bi wurin da buroshi mai laushi a hankali. Idan ka hangi silin ya yi baka a saman ƙurji, ana iya ɗago bakinsa da allurar da aka goge da sifirit, amma kada a tuge shi, domin wanda zai tsiro a madadinsa daga can ƙasa zai faro, kuma ya fi saurin huda bangon ramin. Matsewa da tono kuma tabo suke bari.

Matsala ta biyu ita ce waɗanda suka yi tauri a ƙeya har gashi ya daina fita a kansu, kuma ita ce nake so ka fi ba muhimmanci. Wannan ya yi kama da wani kumburin ramukan gashi mai daɗewa wanda ke ƙarewa da tabo mai tudu irin na keloyid, cutar da likita Kaposi ya siffanta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya tun a 1869. Ta fi kama samari da magidanta masu murɗaɗɗen gashi, kuma ƙure ƙeya da reza, da gugar wuyan riga mai tauri, da gefen hula ko hular kwano, da yawan susa, duk suna rura ta. Ramin gashin da tabo ya cinye ba ya sake fitar da gashi, kuma idan aka yi sakaci ƙananan tuddan sukan haɗe su zama faffaɗan tudu guda. Ba sa bajewa da kansu. Guda biyar ko shida masu girman kan ashana kuwa mataki ne na farko, wanda magani ya fi tasiri a kansa: likita yakan ba da man siteroyid, wato maganin da ke kwantar da kumburin fata, na ƙayyadadden lokaci, ko ƙwayoyin doksisaikilin domin rage kumburi, ko ya yi allurar tirayamsinolon a cikin tudun duk bayan 'yan makonni, waɗanda suka girma sosai kuma sai an kai ga tiyata. Don haka ka ga likitan fata yanzu, kada ka jira ka ga abin da hutun askin zai haifar.

Man da abokin aikinka ya ba ka, duk alamun da ka faɗa, wato saurin kwantarwa da hasken fata da dawowar ƙuraje da ƙarfi bayan dainawa, alamun siteroyid mai ƙarfi ne irin kulobetasol ko betametazon. Maganin ba mugu ba ne a kan kansa, mu ma muna rubuta shi, amma na 'yan makonni kuma a wurin da ya dace, domin idan aka daɗe ana shafa shi yakan sa fata ta yi siriri ta yi saurin rauni, musamman fatar fuska da wuya.

Tsabtar kayan aski tana nan da muhimmancinta saboda wasu dalilai na daban. Makero yana bin inji da mataji daga kai zuwa kai, bakteriya na iya shiga ramin gashi ta tara mugunya, ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B kuma tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe. Rezar da ta taɓa wani ba a sa wa wani, ko da an goge ta.

Wanda ya taɓa fama da su

Ɗan'uwa, na yi kusan shekara 6 ina fama da ƙurajen haɓa da wuya, kuma ina so in yi magana da yawun waɗanda ba su da damar ajiye aski na wata guda. Likita ta faɗi gaskiya, amma aikina yana tilasta mini sa abin rufe hanci da baki wanda dole ya manne da fata, gemu kuwa yana hana shi kamawa, saboda haka aske fuska a gare ni ba ado ba ne. Ƙeyata na sakar mata mara kamar yadda mai sana'a ya ba da shawara, fuskar kuma sai na koyi yadda zan zauna da reza lafiya.

Abin da ya fi komai canja mini al'amarin shi ne gano yadda gashina yake kwanciya. Na bar shi ya kwana biyu, na bi shi da yatsa wuri-wuri, sai na tarar a kumatu ƙasa yake kallo, a ƙarƙashin muƙamuƙi gefe ya nufa wajen kunne, a ƙasan wuya kuma sama yake tasowa. Ashe shekara da shekaru ina jan reza daga sama zuwa ƙasa ina zaton bin gashin nake yi, alhali a ƙasan wuya, inda ƙurajen suka fi yawa, kishiyarsa nake bi. Yanzu ina aski ne bayan wanka da ruwan ɗumi, lokacin da gashin ya sha ruwa ya yi laushi, in shafa kumfar aski in ba ta minti biyu ko uku, in ja reza mai baki ɗaya sau ɗaya tak a kowane wuri ba tare da dannawa ko miƙar da fata ba, ina ɗauraye bakinta bayan kowane ja. Idan na gama sai in ɗora tsumma mai sanyi, in shafa mai marar turare. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar canja reza bayan aski 5 zuwa 7, ni kuwa da na ji ta fara ja nake jefar da ita ko ba ta kai haka ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne, ga wanda dole ya yi amfani da reza, yin aski kullum ko duk bayan kwana 2 zuwa 3 ya fi barin mako guda, domin silin ba ya samun tsawon da zai lanƙwaso ya soki fata. Tsakiyar nan da kake kai, wato a ƙure yau a bar shi kwana bakwai a sake ƙurewa, ita ce mafi muni.

Na kuma gwada hodar cire gashi, wadda ke narkar da silin ta bar bakinsa a dakushe maimakon tsini. Ta rage ƙurajen, amma wata rana na bar ta fiye da lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ta ƙona ni ƙunar da ta ɗauki mako biyu ba ta warke ba. Duk mai son gwada ta ya fara da ɗan ƙaramin wuri ya jira kwana guda, kuma kada ya sa ta a kan ƙurji ko a ranar da reza ta taɓa wurin. Man goge baki da kananzir da man birki da ake ba mutane shawarar shafawa kuwa, na ga wanda ya shafa na ƙarshen a ƙeya, kuma tabon da ya bari ya fi ƙurajen muni nesa ba kusa ba.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba injina kamar yadda mai sana'a ya ce, kuma lallai haƙoran mai motsin sun leƙo waje a gefe guda, zan kai a daidaita su. Likita, ina da sauran tambayoyi biyu. Kafin in samu ganin likitan fata, akwai abin da zan iya shafa wa ƙurajen haɓa wanda ba zai yi mini irin ɓarnar wancan man ba? Sannan kowane ƙurji da ya warke yana barin baƙin tabo, har ƙasan haɓata ya yi dabbare-dabbare. Shin waɗannan ma na dindindin ne kamar na ƙeyar?

Likitar fata

Malam, baƙin da ke biyo bayan ƙurji daban yake da tudun ƙeya. Launi ne fata ta tara a inda kumburi ya zauna, abin da ya fi fitowa fili a fata mai duhu, kuma yana gogewa da kansa, sai dai a hankali, cikin watanni, wani ma ya haura shekara. Sharaɗin gogewarsa shi ne sabbin ƙuraje su daina fitowa a wurin, rana kuma tana ƙara masa duhu, don haka man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka yana taimakawa. Kada ka bi shi da man bilicin, domin da yawansu suna ɗauke da irin siteroyid ɗin da ya riga ya cutar da kai.

Ga ƙurajen haɓa, akwai abubuwan da ake samu a kantin magani ba tare da takardar likita ba. Sabulun ruwa ko man da ke ɗauke da sinadarin salisilik asid kashi 2 cikin 100, ko gilaikolik asid, yana sassauta matacciyar fatar da ke toshe bakin ramin gashi. Benzoyil feroksayid mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 yana rage bakteriya a inda ƙuraje suka ɗuri ruwa, amma yana koɗar da launin tawul da rigar matashi, sai a kiyaye. Ka zaɓi ɗaya ka fara da shi dare ɗaya ka tsallake ɗaya, kada ka haɗa su duka a lokaci guda, kuma kada ka shafa a ranar aski, domin fatar da ta bushe ta tsattsage wata sabuwar matsala ce. Idan ƙaiƙayi ya hana ka sakat, man haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 na kwana uku zuwa biyar ya wadatar, sai dai a wurin da ya riga ya yi haske gara ka bar shi ya huta. Sauran magunguna, kamar kilindamaisin na shafawa da tiretinoyin, likita ne zai duba ya rubuta maka. Wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ana iya rage masa gashin wurin da hasken leza, kuma nau'in da ake kira Nd:YAG shi ne ya fi dacewa da fata mai duhu, domin sauran sun fi saurin ƙona ta.

Idan wurin ya kumbura ya yi zafi, jan yana faɗaɗa, ko mugunya tana zuba, ko zazzaɓi ya biyo baya, wannan ba na jiran ranar ganin likitan fata ba ne, ka je asibiti mafi kusa a ranar. Kafin nan ka sa wani ya ɗauki hoton ƙeyarka yau a wuri mai haske, ya sake ɗauka duk mako, tunda kai ba ka ganinta, sannan ka tafi wa likitan da hotunan tare da kwalin man da abokin aikinka ya ba ka domin ya karanta abin da ke cikinsa.